Ranar da Na Saki Igiyar Labule a Gaban Surukina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu da muka zauna benci ɗaya da su a makaranta, amma ranar da labulen wasanmu ya faɗi a Tarauni ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ko da ma na so in manta, matata ba za ta bari ba.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ne, aka miƙa wa farar hula mulki. Gari ya cika da fastoci, kowa ya zama masanin siyasa, har mai shayin bakin layinmu a Gyadi-Gyadi sai ya riƙe maka kofi a hannu ya gama yi maka bayanin aikin majalisa kafin ya miƙo. Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a wata firamare, saurayi ne ni mai ji da kansa, ga ɗan gashin baki da nake gyarawa kullum, ga biro biyu a aljihun gaba. Muna da wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin unguwa, muna gwaji a wani kango bayan la'asar. Daraktanmu abokina ne, shi ma malami, ɗan Kudancin Kaduna da aka haifa a Kano, mutum mai fara'a, amma in ya ƙwallafa ransa a kan abu ba ya sakin mutum sai ya amsa. Shi ya rubuta mana wasa a kan wata tsohuwa da ta sayar da ƙuri'arta a kan sabulu da turmin atamfa, daga baya ta riƙa sintiri ƙofar gidan kansila don a gyara musu famfo, shi kuma yana ɓuya a bayan ƙyaure.

Wasa ya yi kyau, sai dai babu tsohuwa. 'Yan mata biyu suka amsa za su yi, iyayensu suka hana. Ran nan muna zaune a kango sai na ga darakta ya zuba min ido yana murmushi. Na ce lafiya? Ya ce, "Malam, ba kai ne kake kwaikwayon muryar kakarka kana kashe mu da dariya ba?" Na ce wallahi ya rufa min asiri.

Ina da dalili babba. Akwai yarinyar da nake nema a Tarauni, magana ta yi nisa, har an sa Asabar ta sama magabatana za su je neman aure. Mahaifinta daɗaɗɗen direban babbar mota ne, kowa Baba Direba yake ce masa. Dogo ne, baƙi, ba ya yawan magana, in ya kalle ka sai ka fara tuna laifuffukan da ka yi tun kana yaro. Sau uku kacal na taɓa gaishe shi, duk a durƙushe, ban ma san kalar idonsa ba don ban taɓa ɗaga kai ba. Abin da ya sani a kaina shi ne ni malamin makaranta ne mai natsuwa. An kuma taɓa gaya min ya ce 'yan dirama marasa aikin yi ne. To mutumin da ya faɗi haka, yaya zai yi in ya ji wanda zai bai wa 'yarsa ya ɗaura zani a gaban jama'a, a unguwarsa kuma?

Darakta ya ce ai ba wanda zai gane ni. Za a shafa min toka a fuska, in yi lulluɓi, in ja mayafi in rufe baki yadda tsofaffi suke yi, ba za a kuma faɗi sunan wanda ya fito a tsohuwa ba. Na aika aka tambayo min yarinyar ko Baba yana gari. Ta ce ya ɗauki albasa ya tafi Kudu, sai ƙarshen mako mai zuwa. Na sake aikawa don in tabbatar, ta ce wai me ya faru ne nake ta cigiyar babanta kamar na ci masa wani abu? Da na ji haka sai na amsa wa darakta. Gaskiyar magana kuma, ina son wasan, raina yana biyawa tun farko.

A filin wata firamare a Tarauni za a yi, bayan la'asar. Tun da hantsi muka je muka haɗa bencuna, muka shimfiɗa katakai a kai, dandamali ya samu a tsakanin wasu bishiyoyin darbejiya guda biyu. Labulenmu ba irin mai buɗewa da rufewa ba ne na manyan ɗakunan wasa. Shi ne bangonmu gaba ɗaya: gabansa dandamali, bayansa wurin da muke sauya kaya. Zannuwan gado ne da tsofaffin barguna aka haɗa aka ɗinke, darakta ya zana ƙofar gida da famfo a jiki da fenti, ya yi nauyi sai mutum biyu sun ɗauka. Aka sayo sabuwar igiyar roba, shuɗiya, mai santsi, aka zura a bakin labulen. Saura ɗauri.

A nan na yi abin da ya ja min. Wani daga cikinmu ya ce a kira masu lodin da suke bakin titi su ɗaure mana. Na ce haba, don Allah, ina nan za a kira wani? Na tuna musu ni tsohon ɗan sikawut ne, har lamba na taɓa samu. Ban gaya musu lambar ta fareti ce ba. Na hau benci, na zagaya igiya a jikin bishiya, na sa mutum uku suka ja, na yi ƙulli, na ƙara ƙulli a kan ƙulli, na sake ƙarawa har sai da ya yi dunƙulen hannu. Na sauko ina karkaɗe hannu na ce ko giwa ce ta rataya a nan ba zai motsa ba.

La'asar ta yi, fili ya cika maƙil. Dattawa a kan kujerun gaba, sabon kansila na gaskiya yana tsakiyarsu yana ta washe baki, mata a gefe guda, yara a ƙasa, cikinsu har da 'yan ajina da suka biyo ƙafa daga Gyadi-Gyadi. 'Yan acaɓa suka faka a baya suna kallo daga kan babura. Na fito a duƙe, da sanda, da zani har ƙirji, na cusa tsumma a baya don in yi doro. Ina buɗe baki da muryar kakata na ce, "Ina yaron nan da ya ce in na dangwala masa zai kawo ruwa har cikin randata?" sai fili ya kece da dariya. Ba wanda ya gane ni. Daɗi ya kama ni, na riƙa ƙara abin da ba ya cikin rubutu.

Da na gama fitowar farko na koma baya, sai na tarar da darakta yana kallon sama, hannu a ka. Igiya ta saki. Sabuwar igiyar roba ce, ta sha rana tun hantsi, ga nauyi, sai ta miƙe, tsakiyar labulen ya yi ciki ya sauko har ana hango hulunan waɗanda suke baya. Ga iskar hadari ta fara kaɗawa, labulen yana kumbura yana komawa. Darakta ya ce in yi sauri in ƙara tamke ta. Na hau na kama ƙullina, ina! Ya cije, ko farce ba ya shiga. Na sa haƙori, na ji kamar zan bar shi a can. Ɗaurin da na yi ba ya kwantuwa, ba ya kuma ƙara jawuwa. Da darakta ya ga labule yana ƙara yin ƙasa sai ya zaro reza ya yanke ƙullin, muka ɗora ragowar igiyar a kan reshe muka ja da ƙarfi har labulen ya miƙe. Ya danƙa min bakin igiyar ya ce, "Riƙe nan. Ba ka da fitowa sai an jima. Kada ka saki ko me zai faru." Ya ruga ya shiga wasa.

Na tsaya a gindin bishiya, a bayan gefen labule, na naɗe igiya a hannu biyu na jingina da baya. Zafi ya dame ni, gumi yana wanke tokar fuskata, sai na girgiza kai mayafin ya zame, ɗan kwalin ma ya bi shi. Na ce ai ba mai ganina. Ga ni nan dai, zani a ƙirji, doro a baya, kai a buɗe, gashin baki a waje.

Sai na ji takun mutum a bayana, da wata murya mai kauri, a hankali: "Wane ne ya yi wannan ɗaurin?"

Ko a mafarki na ji muryar nan na san ta. Ashe Baba Direba ya sauke kaya da wuri ya juyo, ya iso gida da azahar, ya ji hayaniya a filin makaranta ya leƙo. Daga baya ya gaya min shi bai ma san me ake yi a wasan ba, tun da ya zo idonsa yana kan igiya, yana ganin tana yin ciki ransa yana ɓaci, har ya kasa daurewa ya zagayo.

Ni dai ban yi shawara da kaina ba. Jikina ne ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro: ka ji muryar surukinka, ka kai ƙasa. Gwiwoyina suka lanƙwashe, hannayena suka buɗe suka nufi ƙasa, bakina ya ce, "Barka da yamma, Baba. An dawo lafiya?" Igiya ta yi fiit ta bi reshe. Labule gaba ɗaya ya zube, rif!

Jama'ar Tarauni suka ga abin da ba su biya ba. Ga wanda ya fito a kansila yana tsaye daga shi sai singileti, yana cusa matashin kai a ciki don ya yi tumbi. Ga wanda ya fito a ɗan sanda yana shan ruwan leda. Ga ni a gefe, a durƙushe cikin zani a gaban Baba Direba. Sai wata 'yar ajina, mai murya kamar usur, ta miƙe ta nuna ni ta ce, "Laa! Malam ne! Wallahi Malam ne!" Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Mata suna riƙe ciki, 'yan acaɓa suna danna ham, wani dattijo har hularsa ta faɗi. Ni kuwa na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige. A raina na ce shi ke nan, aure ya tafi, sai in nemi canjin makaranta zuwa wani ƙauye inda ba a san ni ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya sake tambaya, kamar ba abin da ya faru, "Na ce wa ya yi ɗaurin?" Kaina a ƙasa na ce, "Ni ne, Baba." Ya dube ni tun daga doro har silifa. Sannan ya ce, yadda na kusa za su ji, "To, Inna, tashi ki miƙo min bakin igiyar."

Inna! Na ɗauka zagi ne. Sai daga baya na gane rufin asiri ya yi min, da ni da shi. In ya kira ni a matsayin mai neman 'yarsa, dole ɗayanmu ya bar wurin don kunya. Amma tsohuwa da direba suna iya tsayawa su yi aiki tare.

Na miƙa masa. Ya jefa igiyar ta zagayo bishiya. Sai ya kama jikinta can gaba kaɗan, wajen labule, ya murɗa ta sau biyu, ya zaro wani ɗan zobe a jiki, shi yana kiran sa kunne. Ya ɗauko bakin igiyar da ya zagayo bishiya ya zura a cikin kunnen nan, ya juyo da shi baya. Ya ce, "Ja." Na ja, ban ma sa ƙarfi sosai ba, sai na ga labulen da mu huɗu muka sha wahalarsa da safe yana tashi shi kaɗai, yana miƙewa, har igiya ta yi tsaf. Ya danne wurin da babban yatsa, ya yi zarge biyu a gindin kunnen, ya bar ɗan baki yana reto. Ya ɗana igiyar da yatsa ta yi ƙara kamar tsirkiya. Duka bai fi minti biyu ba. Ya ce, "In ta sake saki, ki zare nan, ki ƙara ja, ki mayar. Sabuwar igiya sai an bi ta sau biyu ko uku. Haka muke ɗaure lodi daga nan har bakin teku." Jama'a suka ɗauki tafi, wasu sun ɗauka cikin wasan ne.

Labule ya raba mu da idon mutane, na tsaya ina neman hanyar da zan bi in sulale ta bayan ajujuwa. Darakta ya leƙo yana haɗa hannu yana roƙona da ido. Baba ya sunkuya ya ɗauki ɗan kwalina daga ƙasa, ya karkaɗe, ya miƙo min. Ya ce, "Mutane sun taru suna jira. Wanda ya ɗauko kaya ai sai ya kai su." Na karɓa da hannu biyu na ɗaura.

Na koma dandamali kowa ya san ni ne. Da yake ba sauran abin ɓoyewa, sai na saki jiki. Na bi kansilan wasa da sanda, na tsaya a gaban kansilan gaskiya na ce, "Kai ma ɗan nan ina kallon ka," har ya rufe fuska da babbar riga. Sau ɗaya igiya ta ɗan saki, na leƙa na ga Baba yana gindin bishiya, ya zare, ya ja, ya mayar, ya ci gaba da tsayuwa hannu a baya. Bai tafi ba sai da aka tashi.

Makon nan ban ji daɗinsa ba. A makaranta in na juya ina rubutu a allo sai in ji wani ya ce "Inna" a hankali. Kawuna, wanda zai jagoranci neman auren, ya zo har ɗakina ya wanke ni tas, ya ce da wane ido zai kalli mutanen nan ranar Asabar? Yarinyar ta aiko cewa mahaifiyarta tana dariya har da hawaye duk lokacin da aka tuna, amma Baba bai ce uffan ba, ita ma tsoro take ji. Shirun nan ya fi komai tayar min da hankali.

Ranar Alhamis da yamma aka ce Baba yana kira na. Na tarar da shi a bakin titi, wajen da yake faka motarsa, an gama loda mata buhuna ana shirin rufa tampol. Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Ya ce in tashi. Ya jefo min igiya ya nuna ƙugiyar jikin bodi ya ce, "Ɗaure." Na juya igiya, na murɗa, na yi wani abu mai kama da kunne, ina ja ya warware. Na sake, ya sake warwarewa. Da a da ne da na ce igiyar ce ba ta da kyau. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ban iya ba. A koya min."

A ranar na fara ganin haƙoransa. Ya ce, "Yauwa. Ka san abin da ya ɓata min rai ran nan? Ba zanin ba ne. Na yi shekara talatin a kan hanya, ba abin da ban gani ba, kuma tsohuwar nan taka ta faɗi gaskiya, famfon layinmu ma ba ya kawo ruwa. Ɗaurin ne ya ɓata min rai. An ce min har cewa ka yi kada a kira masu lodi." Na ce haka ne. Ya ce, "Gaisuwa kuma na gode, na ga tarbiyya. Amma daga yau in kana riƙe da abin da jama'a suka dogara da shi, ko Sarki ne ya zo, ka gaishe shi da baki, hannunka yana kan igiya."

Ya kama hannuna da nasa, tafinsa kamar fatar ganga don kaushi, ya murɗa igiyar da yatsuna. Sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Sai da na ɗaure gefe guda na motar nan ni kaɗai, ya bi yana ɗana kowace igiya yana saurare, biyu ya sa na kwance na sake. Da aka kira magariba ya ce, "Ka gaya wa kawunka Asabar ɗin tana nan. Su zo da wuri, Lahadi zan kama hanya." Ban san lokacin da na sake zubewa ƙasa ba, amma wannan karon sai da na tabbatar na yi zargen tukuna.

Baba ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa da rahama, har ya bar duniya kuma in muna mu biyu Inna yake ce min. Abin da na koya a wurinsa shi ne, abin da na yi ta ɓoyewa ina jin kunyarsa bai taɓa zama aibina ba, don wasa na iya shi kuma ya amfani mutane. Aibina yana wurin da na bugi ƙirji na ce na iya alhali ban iya ba, na kuma raina waɗanda suka iya. Tun daga ranar ban ƙara jin nauyin cewa a koya min ba, ko a gaban ɗalibaina ne. Ɗaurin kuwa ya zauna a hannuna, da shi nake ɗaure ragon layya a bayan mota, da shi nake kafa rumfar biki a layinmu. Har gobe in igiyar shanya ta yi ciki a gidana, matata ba ta kiran yara. Sai ta leƙo falo, ko da baƙi, ta ce, "Inna, igiyarki ta saki." Ni kuma in ajiye abin da nake yi in tashi in je in ja.